Azumin da Ba Shi da Magariba

An idar da sallar asuba, an yi azkar, gari ya fara haske. A wannan sa'a lungunan Gwale sun cika da ƙanshin karin kumallo. Mai koko ta sauke tukunya, ƙosai na soyuwa a bakin zaure, mai shayi a Mandawari ya ɗora buta yana yanka burodi, yara 'yan aike suna wucewa da kwanuka. Yawancinmu za mu yi bisimilla mu kai loma baki ba tare da mun tsaya tunanin komai ba. Bimbininmu na yau a kan waɗanda aka ɗauke wa wannan sauƙin ne, musamman 'yan'uwanmu mazauna ƙasashen waje, waɗanda da girmansu, bayan shekara ashirin ko talatin suna cin abin da suka ga dama, cikinsu ya wayi gari ya ce ya daina karɓar wani abinci.

Da wuya a sami unguwa a Gwale, daga Galadanci zuwa Dorayi, daga Diso zuwa Kabuga, da ba ta da ɗa ko 'ya a waje. Wasu karatu ya kai su, irin ɗalibai 501 da gwamnatin Kano ta tura ƙetare a 2012 da waɗanda suka biyo bayansu. Wasu aikin asibiti ne a Ingila ko Saudiyya, wasu aure, wasu fatauci. In an yi waya da su, labarin sanyi da tsadar haya da kewar gida ake ji. Akwai labarin da ba kasafai suke bayarwa ba, domin yana da nauyin faɗa: kumburin ciki bayan kowane shayi, murɗa, gudawa, iskar da ke hana mutum riƙe alwala daga azahar zuwa la'asar, kasalar da ba a san mafarinta ba. Mutum ya yi wata da watanni yana zargin ruwan garin, ko sanyi, ko basir, kafin ya gane cewa abin da ke cikin kofinsa ne ko farantinsa.

Mafi yawan lokuta madara ce. A cikin madara akwai wani nau'in sukari da likitoci ke kira laktos, kuma hanjin jariri yana samar da sinadarin da ke narkar da shi, wato laktes. Bayan yaye, wannan sinadari yana raguwa sannu a hankali a jikin mafi yawan 'yan Adam, kusan biyu bisa uku na manyan mutanen duniya. Idan ya yi ƙaranci, sukarin sai ya wuce babban hanji bai narke ba, ƙwayoyin da ke zaune a can su far masa, daga nan iska da ruwa su taru. Ba sabon ilimi ba ne, kuma a ƙasarmu aka yi wani muhimmin bincike a kansa. A 1971 Norman Kretchmer da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama ministan lafiya, tare da abokan aikinsu, suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa ƙabilun Nijeriya. Sun tarar mafi yawan Fulani makiyaya suna narkar da madara har girmansu, kusan dukkan Yarabawa da Ibo da aka gwada ba sa iyawa, Hausawa kuwa da yawansu suna cikin waɗanda ba sa iyawa.

To me ya sa Bakano zai sha fura da nono tun yana yaro lafiya lau, sai ya je Birmingham madara ta kayar da shi? Saboda nonon da 'yar Fulani ke kawowa ya kwana ya yi tsami, ƙwayoyin da suka tsamar da shi sun riga sun cinye wani kaso na sukarin, suna kuma taimaka wa hanji da sauran. Haka kindirmo. Madarar shayinmu kuwa cokali biyu ne na gari ko ɗan tsiyaye daga gwangwani. A can, ɗanyar madara ake juyewa kofi guda a abin kari, a ƙara a shayi, a ƙara a gahawa, sannan tana ɓoye a cikin biskit da miya da burodi. Sau da yawa jikin bai canza da yawa ba, yawan abin da ake ɗora masa ne ya canza. Wani kuma ciwon ciki mai tsanani ne ya taɓa kama shi ya goge bangon hanjinsa, sai madara ta ƙi shi na wasu makonni ko watanni. Ina ganin hikimar Allah a nan ƙarara: kakanninmu ba su san sunan laktos ba, amma an shiryar da su ga tsamar da nono, kuma ta haka al'umma guda ta ci moriyar saniya ba tare da ta wahala ba.

Matsalar alkama ta fi nauyi. Akwai cutar da ake kira siliyak, wadda a cikinta garkuwar jiki ke afka wa hanjin mai ita duk lokacin da ya ci gulutin, sinadarin da ke sa ƙullin alkama danƙo, wanda kuma yake cikin sha'ir. Tana kama kimanin mutum 1 cikin 100 a ƙasashe da dama, tana iya bayyana a kowane shekaru, kuma an daɗe ana ɗaukarta cutar Turawa. Binciken da aka wallafa a 1999 kan yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira kusa da Tinduf a Aljeriya ya rushe wannan zato, domin an same ta a jikin fiye da yara 5 cikin kowane 100, ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa gani. Ga ɗan cikin ganuwa, a ce masa ya bar alkama har abada ba ƙaramin abu ba ne. Gurasa ce ta tafi, da bandashenta da ƙuli-ƙulinta. Alkaki ya tafi, funkaso da alkubus sun tafi, taliyar Hausa da manja da yaji ta tafi, wato rabin abincin biki da suna da sallah.

Akwai ma wanda ya fi waɗannan ban mamaki. A kudu maso gabashin Amurka, cizon wata kaska yana sa jikin mutum ya juya wa jan nama baya, ya ci naman sa ko na rago da dare, bayan sa'a 2 zuwa 6 ya farka da borin jini ko sarƙewar numfashi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙiyasta a 2023 cewa waɗanda abin ya shafa za su iya kai 450,000. Ka ɗauka Bahaushe ne a cikinsu: ya yanka ragon layya da hannunsa, ya rabar, shi kuma ya ci kaza.

Duk wannan ciwon jiki ne, kuma jiki yana sabawa. Abin da ya fi cin rai yana faruwa ne a tsakar gida. A wajenmu abinci harshe ne na zumunci. Uwa ba ta cika cewa tana son ɗanta da baki ba, sai dai ta tashi tun da duhu ta dama masa fura. Idan wani zai tafi ƙasar da ɗanta yake, za ta haɗa ƙunshi: kuka, daddawa, kuɓewa busasshiya, kilishi, yaji, dakuwa, alkaki, man shanu a gora. Ranar da ya dawo hutu kuwa, kwanuka za su yi ta shigowa daga gidan gwaggo da gidan kawu da maƙwabta. Sai ga shi zaune a gaban kwanon furar da aka dama dominsa, ya sunkuyar da kai.

"Umma, ki yi haƙuri, yanzu cikina ba ya karɓar nono."

"Kai da na yaye ka da fura? Sha, ɗan nan, bar wannan iyayin na Turawa."

Ba mugunta ce ta sa ta faɗi haka ba. A kunnenta, ƙin furar ya yi kama da ƙin ta. Ƙannensa za su yi dariya su ce Yaya ya zama Bature. Wata dattijuwa za ta ja uwar gefe ta ce a bincika, kada dai an yi masa sammu ne a can, ko baki ya kama shi. Shi kuma, don kada ya ɓata wa mahaifiyarsa, sai ya ɗaga kwanon ya shanye, ya kwana yana zarya bayan gida, da asuba ya kasa fita masallaci. Na san wannan yana faruwa a gidaje da yawa, kuma yana damuna, domin kowa a cikin labarin ƙauna ce ta motsa shi, amma an tashi da cuta.

Mu duba abin da magabata suka bar mana. A ruwayar Bukhari da Muslim, an kawo gasasshen damo gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a ɗakin Nana Maimuna. Da aka gaya masa ko mene ne, sai ya janye hannunsa. Khalid ɗan Walid ya tambaya ko haramun ne. Ya amsa masa cewa ba haramun ba ne, sai dai ba abincin ƙasar mutanensa ba ne, kuma ransa bai karɓe shi ba. Khalid ya jawo kwanon ya ci, Manzon Allah yana kallonsa. Abu biyu ne a nan, kuma dukansu muna bukatarsu. Wanda ya fi kowa tawali'u ya bar abincin da aka ajiye masa a gidan iyalinsa, kuma ba wanda ya kira wannan girman kai. Sannan bai mayar da abin da shi ba ya ci ya zama aibi ga mai ci ba. Ɗan'uwa, idan alkama ta ƙi ka, alkama ba ta zama guba ga duniya ba. Kada ka dawo gida kana yi wa mutane wa'azin cewa gurasa ce ke kashe su.

Wata ruwayar ta fi kusa da halinmu. Ummul Munzir, Ba'ansariya, ta ba da labarin ranar da Manzon Allah ya shigo gidanta tare da Sayyidina Ali, ga zangarniyar dabino a rataye. Ya fara ci, Ali ma ya miƙa hannu, sai ya dakatar da shi saboda bai daɗe da tashi daga ciwo ba. Da ta dafa sha'ir da wani ganye ta kawo, sai ya ce wa Ali ya ci wannan, shi ya fi dacewa da shi. Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo ta. Dabino ne fa, abincin Madina, mai albarka, kuma wanda ya hana shi ci yana ci a gabansa. Ƙauna ce ta hana, kuma ƙaunar ba ta tsaya a hani ba, ta jira har aka kawo abin da jikin zai ɗauka. Ina roƙon iyayenmu mata da gwaggonninmu su riƙe wannan. Idan ɗanku ya ce nono ba ya karɓarsa, a dama masa kunun tsamiya. Ladan da kuke nema a furar yana nan a kunun.

Malaman tafsiri, wajen bayanin aya ta 93 a Suratu Ali Imrana, sun kawo cewa Annabi Yakubu ya yi fama da ciwon jijiyar cinya, ya yi bakance cewa idan Allah ya ba shi lafiya zai bar abincin da ya fi so, naman raƙumi da nononsa. Shari'arsu ce, mu ba a ba mu damar haramta wa kanmu halal ba. Amma ina samun sanyi a cikin sanin cewa wani annabi ya rayu shekaru yana ganin abincin da ransa ya fi so yana wucewa a gabansa, kuma rashin lafiya ce mafarin rabuwarsu.

Mu da muke azumi mun san barin halal. Kwana 29 ko 30 a kowace shekara muna kallon ruwa mai sanyi a cikin zafin Kano mu kau da kai. Sai dai azumin Ramadan yana da magariba, kuma gari guda ake yin sa, kowa leɓensa a bushe. Wanda siliyak ta kama, nasa ba shi da magariba, kuma shi kaɗai yake yi a tsakiyar masu ci. Ba zan ce masa abu ne mai sauƙi ba. Abin da zan ce shi ne malamanmu sun tabbatar cewa abin da ya tabbata yana cutar da mutum, nisantarsa wajibi ce a kansa ko da halal ne ga waninsa, domin jiki amana ne. Saboda haka duk lokacin da ka mayar da hannunka daga faranti don kiyaye wannan amana, da niyya, ibada ka yi. Ba wanda ya gani, ba wanda zai yaba maka, wataƙila ma a yi maka dariya, kuma irin wannan aikin ne riya ba ta samun ƙofar shiga cikinsa.

Akwai haɗari ta ɗaya ɓangaren, kuma shi ne ya sa nake tuna Banu Isra'ila a cikin sahara. Ana saukar musu da mannu da salwa ba tare da noma ko fatauci ba, sai suka gaji, suka nemi Annabi Musa ya roƙa musu ganyaye da albasa da sauran abin da suka saba ci, kamar yadda ya zo a aya ta 61 ta Suratul Baƙara. Kewar abincin gida ba laifi ba ce, ɗabi'ar ɗan Adam ce. Abin da aka zarge su da shi shi ne raina abin da ke hannunsu. Mai fama da wannan larura yana iya faɗawa nan ba tare da ya sani ba, ya wayi gari ba ya ganin komai a duniya sai 'yan abubuwan da aka hana shi.

Alhali dubi abin da aka bar masa. Gero babu gulutin a cikinsa, haka dawa, masara, shinkafa, acca, wake, rogo, doya, dankali. Tuwon dawa da miyar kuka, waina, ƙosai, alala, dambu, koko, kunun gyaɗa, fate, duk nasa ne, muddin ba a gauraya su da fulawa ba (a nan sai an yi tambaya, domin masu ɗanwake da yawa yanzu suna ƙara ta, wasu dunƙulen miya ma akwai alkama a ciki). A manyan kantunan Landan da New York, gero da dawa da acca suna cikin ƙananan ledoji masu tsada, ana sayar wa masu neman abin da ba zai cutar da hanjinsu ba. Abin da muke aunawa da kwano a Kasuwar Rimi ko mu saya da buhu a Dawanau, wanda wasunmu suka fara jin kunyar ci don sun ga burodi da taliyar leda, shi ne maganin da wasu ke nema ido rufe. Bahaushen da alkama ta ƙi, an mayar da shi ne ga akushin kakarsa. Wannan ya cancanci alhamdu lillahi ta musamman.

Tawakkali ba ya hana bin sababi. Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta abin da ka ci da abin da ya biyo baya, domin ƙwaƙwalwa tana mantuwa kuma tana zargin wanda bai yi laifi ba. Ka je wurin likita, a can ko a nan gida, ka faɗi komai ba kunya. Idan alkama kake zargi, kada ka daina cin ta kafin a yi maka gwajin jini, domin idan ka daina, gwajin yana iya nuna lafiya alhali cutar tana nan. Kada kuma ka bi maganganun intanet ka yanke madara da alkama da ƙwai da wake a rana ɗaya, ka rame a banza. Da yawa daga masu matsalar laktos suna iya ɗaukar kimanin kofi guda na madara idan an haɗa da abinci, yogot da cuku mai tauri sun fi sauƙi, akwai madarar da aka cire wa laktos, akwai kuma ƙwayar laktes da ake sha kafin ci. Wanda ya bar madara gaba ɗaya ya nemi abin da zai riƙe masa ƙashi a zogale da riɗi da ƙananan kifaye da ake ci da ƙayarsu. A Birtaniya doka ta tilasta bayyana abubuwa 14 da aka san suna tayar wa mutane da larura a jikin kayan abinci. Mun riga mun saba duba kwali don gudun naman alade da giya, sai a ƙara wannan a kan wancan.

Abu ɗaya ne ba a yi masa kawaici. Idan bayan cin wani abu, gyaɗa ce ko riɗi ko kifi ko nama, leɓe ko harshe ya kumbura, ko maƙogwaro ya shaƙe, ko numfashi ya yi wuya, wannan ba kumburin ciki ba ne, yana iya kisa cikin mintuna, asibiti ake nufa nan take. Mai irin wannan ya tuna akwai ƙuli-ƙuli a yajin tsire da kilishi. Duk wanda ya ce masa "ɗan taɓa kaɗan, ba abin da zai yi maka", ko wane ne shi, a ba shi haƙuri a ƙi. Addu'a da tofi suna da gurbinsu, kuma ba sa rigima da allurar likita.

Ga mu da ke gida kuma, mu da za mu karya yanzu da duk abin da aka ajiye mana: idan akwai wani naka a waje, ka kira shi yau. Bayan gaisuwa ka tambaye shi me yake ci, kuma yana karɓarsa? Idan ya faɗi wani abu, ka gaskata shi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka isar wa Umma da bayanin ta hanyar da za ta fahimta tun kafin ya dawo, don kada nauyin ya faɗa kansa a gaban kwano. In za a haɗa masa ƙunshi, a tambaye shi abin da za a sa.

Ya Allah, kai ka halicci hanji da abin da ke shiga cikinsa, ka san abin da ya dace da kowane bawa naka. 'Yan'uwanmu da ke nesa da gida, waɗanda suke tsaye a kanti suna karanta kwali, da waɗanda suka kwana suna juyi ba su san dalili ba, ka haɗa su da likitan da zai gane ciwonsu. Wanda larurarsa mai wucewa ce, ka gaggauta masa sauƙi. Wanda tasa ta zama ta dindindin, ka ba shi juriya, ka sanya masa daɗi da ƙoshi a cikin abin da ya rage masa, ka rubuta masa ladan kowace lomar da ya bari. Ka sanyaya zukatan iyayensu mata, ka fahimtar da su cewa 'ya'yansu ba su guje su ba. Ka ciyar da waɗanda suka tashi yau a Gwale da sauran unguwannin Kano ba su da abin karyawa ko kaɗan. Amin.